Sharaɗin Abba

"Sharaɗi ɗaya ne da ni, kuma ba mai wuya ba ne."

Muryar Abba ce ke fitowa daga falo. Kowace kalma sai ya jawo ta kafin ta fito, haka maganarsa ta koma tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Auta ta tsaya cak a bakin ƙofa da tiren ruwa a hannu. Ta gefen labule take hango Dogo zaune a kan kafet, ya naɗe dogayen ƙafafun nan da suka jawo masa suna tun suna aji ɗaya a jami'a, kansa a sunkuye.

"Ina ji, Abba."

"An ce min kun sami gurbin digiri na biyu, kai da ita. Wai za ku tafi can wata uwa duniya ku koyi yadda ake tsare kwamfuta daga ɓarayi."

"Haka ne, Abba. Tsaron manhaja ne. Makarantar tana da..."

"Ban tambaye ka abin da makarantar take da shi ba." Abba ya ɗaga hannunsa mai lafiya. "Ni zan faɗa maka abin da nake da shi. Ina da kamfanin kwali da na gina da gumina. Ina da ma'aikata masu iyali da suke kallon hannuna. Ɗa namiji ɗaya Allah ya ba ni, ya kuma karɓi abinsa a hanya. Saura wannan yarinya. Duk wanda zai aure ta, shi zai zauna a kujerata. Ka ajiye wancan karatun, ka yi na gudanar da kasuwanci a nan garin, da safe kana kamfani, da yamma kana aji. In ka yarda, gobe ma ka turo manyanka. In ba ka yarda ba, Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Auta ta ƙara matsawa jikin labulen. A ranta ta riga ta amsa a madadin Dogo. Jira kawai take ta ji Dogo ya ce ya yarda, da irin gaggawar da yake yi in ta ce tana son wani abu.

Sai ta ji ya ce, "Abba, ka ba ni lokaci in yi tunani."

Auta ta ja da baya daga bakin ƙofar. Ta juya ta koma kicin ba ta kai ruwan ba.

Umma na tsaye tana goge tukunya, ta kalle ta sau ɗaya ta gane an yi abin da aka yi.

"Wanke fuskarki. Me aka yi masa na kuka? An ɗauki kamfani guda an miƙa wa mutum, an haɗa masa da 'ya, shi ne zai ce sai ya yi tunani?"

"Umma, tun yana yaro yake mafarkin karatun nan."

"Mahaifinki ma tun yana yaro yake mafarkin tsufa da ɗansa a gefe. Ya samu?" Umma ta ajiye tukunyar, muryarta ta yi rauni. "Ki dube shi mana, Auta. Mutumin da yake zagaye injina da ƙafarsa tun asuba, yau kofi ba ya iya riƙewa. Ga ɗan Gwaggonki nan, shi yake riƙe da komai tun da aka kwanta, ko gajiya bai taɓa ambata ba. Kuma kin san ba tun yau yake kallon inda kike ba."

"Umma, don Allah."

"Na yi shiru. Amma idona yana gani."

*

Kwanaki suka shige Dogo bai dawo da amsa ba. Yana kiranta, amma hirar ta koma ta gaisuwa, ya jikin Abba, ya gida, sai kowa ya yi shiru yana sauraren numfashin ɗan'uwansa. Da ta ga abin zai kashe ta a tsaye, sai ta saka mayafinta bayan azahar ta nufi wurin aikinsa.

Wani ɗan ofis ne a saman bene, a kan shagon sayar da taya. Tebura a jere, wayoyi sun sarƙe a ƙasa kamar saiwa, fanka na juyi tana ƙugi. A irin wannan ɗaki soyayyarsu ta tsiro, lokacin da aka haɗa su aikin kammala digiri. Shi ya yi mako yana neman kuskuren da ya hana manhajarsu tashi, ita ta leƙa ta kafaɗarsa ta nuna masa da ƙarshen biro. Daga ranar yake ce mata Malama.

Abokan aikinsa suna ganin fuskarta suka tuna suna da sallama a ƙasa. Aka bar su su biyu.

"Malama," ya ce yana jawo mata kujera.

"Ba zama na zo yi ba. Amsa na zo karɓa."

Ya shafa kansa, ya kalli allon kwamfutarsa kamar a nan aka rubuta abin da zai faɗa.

"Na je kamfanin," ya ce. "Ban faɗa miki ba. Na roƙi ɗan Gwaggonki ya bar ni in wuni tare da shi, in ga abin da ake so in zama. Wallahi na je da zuciya ɗaya, ina addu'a Allah ya sa min son abin. Tun safe ake cinikin gam da takarda, ana sasanta direba da mai gadi, ana lallashin wani mai kanti da aka yi masa jinkirin kaya. Shi kuwa mutumin nan, kina ganinsa kin san a cikin ruwansa yake iyo. Ni kafin la'asar ji na yi kamar an ɗaure min wuya."

"Kowane aiki da farko haka yake."

"Ba haka ba ne, kin sani. Ke ce kika fi kowa sani. Na taɓa kwana biyu a gaban allo ban ji yunwa ba, ke kika zo kika kashe min kwamfutar."

"To me kake so ka ce min?"

Ya ɗago. Idanunsa sun yi ja.

"Ina tsoro, Auta. In na zauna a kujerar nan, shekara ta farko zan daure don ina son ki. Ta biyu ma zan daure. Amma wata rana zan ga waɗanda muka yi aji da su sun kai inda nake so in kai, in dawo gida in kalle ki in ce ke ce. Ba na so ranar nan ta zo. Gara in rasa ki ina son ki da in same ki ina jin haushinki."

Hawayen da take riƙewa tun daga matakala suka zubo. Ta jingina da tebur.

"Wato ka riga ka zaɓa."

"Ban zaɓi rabuwa da ke ba. Ki zo mu tafi tare, yadda muka tsara. Abba zai huce."

"In tafi in bar shi da wa? Ni nake aske masa gemu. Ni kaɗai nake gane abin da yake faɗa in harshensa ya yi nauyi. Ka ga yadda yake bin ƙofa da ido in na fita sayo magani? Ɗansa ya fita da safe bai dawo ba, ni ma in fita?"

Dogo ya koma kallon allon kwamfutarsa. Can sai fuskarsa ta ɗan yi haske, irin hasken da take gani in ya gano mafitar wani lissafi.

"To ai akwai hanya. Ke ki yi na kasuwancin mana. Dama ke 'yar gida ce, ma'aikata sun san ki, kina da baki da haƙuri. Ke ki riƙe kamfanin, ni in je in gama in dawo. Kin ga Abba ya samu abin da yake so, ni ma..."

Bai ƙarasa ba, saboda yadda take kallonsa.

"Kai ma ka samu," ta ƙarasa masa a hankali. "Ni fa?"

"Auta..."

"A'a, ka amsa min. Ni fa? Wa ya fito da sakamako a samanka? Wa ya fara ganin sanarwar makarantar nan ya turo maka? Farfesar da za ta duba aikinmu, wa ta rubuto wa cewa tana ɗokin zuwansa, ni ko kai?" Muryarta na ƙara tashi. "Kai in an zaunar da kai a ofis an ɗaure maka wuya. Ni ba ni da wuya kenan? Tun da Abba ya kwanta ban buɗe kwamfutata ba, don in na buɗe kuka nake yi. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na ce ko duniya duka ba ta gani ba, kai ka gani."

"Ba haka nake nufi ba, wallahi."

"Haka kake nufi. Abba bai tambaye ni ba, na ce tsoho ne, ciwo ne. Umma ba ta tambaye ni ba, na ce uwa ce, tsoro ne. Kai kuma fa? Kai da kake ce min Malama?"

Ya durƙusa a gabanta a kan tarin wayoyin nan, hawaye na bin hancinsa.

"Ki yafe min. Na ruɗe ne. Ban san yadda zan yi in riƙe ku duka biyu ba."

"Ni ma ban sani ba," ta ce. "Bambancin kawai, ni da aka ce in saki ɗaya, kai ne ban saki ba."

Ta zare gefen mayafinta daga hannunsa ta sauka. Tana jin yana kiran sunanta har ta wuce shagon tayar, ba ta waiwaya ba.

*

Ba ta san yadda aka yi ƙafarta ta kai ta kamfani ba. Sai dai ta ji warin gam da sabuwar takarda ya buge ta, ga ƙarar injin yanka yana sara yana ɗagawa. Ma'aikata suka yi ta gaishe ta suna tambayar jikin Alhaji. Ta amsa da ka, ta shige ofishin marigayi yayanta ta rufo ƙofa. Ba a taɓa komai ba a ciki. Hularsa ma tana nan rataye a bayan kujera.

Nan ta kifa kai ta yi kuka mai isarta.

Aka ƙwanƙwasa a hankali. Ɗan Gwaggonta ne, wanda kowa a kamfanin yake kira Manaja, har ita ta saba ce masa Yaya Manaja don tsokana. Hannun rigarsa a naɗe, ƙurar kwali a gashinsa. Ya ajiye mata ruwa mai sanyi, ya zauna nesa da ita, ya bar ƙofar a buɗe.

"In kin gama jiƙa mana takardu ki faɗa, mu san asarar da za mu rubuta."

Ta so ta yi dariya, kukan ya ci ƙarfinta.

"Ya ƙi, ko?" ya tambaya.

Ta gyaɗa kai.

"Na sani tun ranar da ya wuni a nan. Kada ki ga laifinsa da yawa. Na gan shi yana kallon agogo kamar ɗan fursuna. Mutum ba ya zuba wa kansa son abu da ƙarfi." Ya murza yatsunsa. "Shi ya sa ban taɓa matsa miki ba."

"Yaya, ba yau ba."

"Yau ɗin dai, don gobe ba lallai in iya ba. Ki bar ni in faɗa sau ɗaya." Ya kalli ƙasa. "Kin san ina son ki, tun kina zuwa nan hutu kina ɓata mana kwamfutar ofis kina gyarawa. Na san ba ni ne a ranki ba, ba yaro ba ne ni. Amma abin da Kawu yake nema a wurin surukinsa, ni ina da shi, kuma ba dole aka yi min ba. Karatun kasuwancin na yi shi da daɗin rai. In kika yarda da ni, ki tafi ki yi karatunki na kwamfuta. Ni zan riƙe kamfani, ni zan aske wa Kawu gemu, zan koyi jin maganarsa. Ki je ki zama abin da Allah ya yi ki don shi. Ban ce sai kin so ni ba. In ya zo daga baya, alhamdulillahi."

Auta ta zuba masa ido. Abin da ta yi ta jira ta ji daga bakin wanda take so, ga shi yana fitowa daga bakin wanda ba ta so. Wannan ya fi komai yi mata ciwo.

"In kuma bai zo ba fa, Yaya?"

Ya yi wani murmushi mai ban tausayi. "Sai in ce na gwada."

"Ba zan sayi karatu da zuciyarka ba. Ka fi ƙarfin haka a wurina." Ta share fuskarta ta miƙe. "Amma na gode. Kai kaɗai ka tuna ni ma ina da abin da nake so."

*

Rana ta yi sanyi lokacin da ta isa gida. Ta tarar da Abba a kujerarsa ta bakin taga, yana ƙoƙarin kai kofi bakinsa, ruwan na zuba a gaban rigarsa. Ta karɓa ta ba shi, ta goge masa haɓa, sannan ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙafarsa mara motsi.

"Idonki ya kumbura," in ji Abba. "Yaron ya yi magana?"

"Ya yi, Abba. Zai tafi karatunsa."

Abba ya dube ta. Sai ta ji hannunsa mai lafiya a kanta.

"Kina ganin na zalunce ki."

"Ban ce ba."

"Ba sai kin ce ba. Auta, in na rufe ido ina ganin an kashe injinan nan, an sa kwaɗo a ƙofa, mutanena suna tsaye a waje. Shi ke hana ni barci, ba ciwon ba. Ban san kwamfuta ba, ban san me kuke gani a cikinta ba. Abin da na sani kawai na riƙe."

Ta lumshe ido. Ta tuna farfesar da ke jiranta, da ɗakin binciken da ta sha kallon hotonsa har ta san inda take so teburinta ya kasance. Ta bar su suka wuce ɗaya bayan ɗaya.

"Abba, ba sai suruki ba. Ni zan yi karatun kasuwancin. Ni zan zauna a kujerarka, Yaya Manaja ya koya min aiki. Alfarma ɗaya nake nema, a ajiye min maganar aure. Ba wannan, ba wancan."

"Ke?" Ya leƙo fuskarta kamar yau ya fara ganinta. "Za ki iya?"

"'Yarka ce ni."

Rabin bakinsa mai motsi ya buɗe da murmushin da rabonta da gani tun kafin rasuwar yayanta. Ya shiga sa mata albarka, kalmomin suna karo da juna. Bai tambaye ta abin da ta ajiye ba, ita ma ba ta faɗa ba. Ta dai kifa fuskarta a gwiwarsa don kada ya ga abin da ke kai.

A haka Umma ta faɗo ɗakin, ko takalmi ba ta tsaya cirewa ba.

"Alhaji! Auta! Yaron nan ne a ƙofa. Ya ce a faɗa maka ya fasa tafiyar, ya amince da sharaɗinka, duk yadda ka ce haka zai yi!" Ta ɗaga hannu sama. "Ban ce ba? Na san zai dawo hanya. Tashi mana, Auta, wannan ai kukan daɗi ne ya kama ki!"

Auta ta miƙe a hankali ta ɗaga labulen taga. Yana tsaye a bakin ƙofar gida da rigar da ta bar shi da ita, kafaɗunsa sun zube, yana kallon ƙasa. Ta san tsayuwar Dogo in yana murna, ba ya iya zama wuri ɗaya. Wannan tsayuwar ta mutumin da ya zo jana'iza ce.

Zuciyarta ta yi tsalle ta nufe shi, duk da haka. Ƙafa kaɗan ce tsakaninsu. Kalma ɗaya za ta faɗa ya zama nata, kowa a gidan ya kwana da farin ciki.

"Alhamdulillahi," in ji Abba. "Yau Allah ya haɗa min biyu. Ce masa ya shigo."

Umma ta juya da sauri. Auta ta saki labulen ta riga ta isa ƙofar ɗakin, ta tsaya a tsakiya ta riƙe ƙyauren da hannu biyu, hawaye na sauka har wuyanta.

"Umma, tsaya," ta ce. "Kada ya shigo."